Yadda za ka gano matsalar sumon burtsatsen gidanka kafin ka ce a fito da shi

Duk safiyar da aka kunna sumo, wato injin jan ruwa da ake zurawa cikin ramin burtsatse, aka ji shiru, maganar farko da ke fita bakin mai gida ita ce "ai ya ƙone, a kira yara a fito da shi". Na daɗe ina wannan aiki a cikin Kano da garuruwan kusa, kuma wallahi yawancin kiran da ake yi min matsalar tana nan sama inda hannunka ke kaiwa, ko wutar ce ba ta da ƙarfi, ko kapasita, 'yar gwangwanin da ke ba injin turin tashi, ta mutu, ko fulot ɗin tanki mai kashe inji in ya cika ya maƙale. Fito da sumo kuwa aiki ne na mutum uku ko huɗu, kuma duk fitarwa akwai kasadar a karce waya ko bututu ya kwance injin ya zube ƙasan rami. Don haka dokata ɗaya ce, daga sama ake farawa a bi a hankali har ƙasa, injin shi ne na ƙarshen taɓawa.

Kayan da za ka tanada

Tasta da sukundireba mai hannun roba, guda mai baki ɗaya da mai baki huɗu. Filaya. Sifanar bututu guda biyu, don ɗaya na riƙewa ɗaya na kwancewa. Maltimita ko da ƙarama ce, in ka samu irin mai baki da ake maƙalawa a jikin waya ta nuna yawan wutar da inji ke ja to ta fi, ita ce idonka a cikin rami. Salatif na wuta, da tef ɗin roba mai narkewa ya haɗe jikinsa wanda ake ɗaure wayar cikin ruwa da shi. Farin zaren famfo, gam ɗin bututu, jarka mai lita 25, igiya siririya mai tsawo, takalmin roba, da kapasita sabuwa guda ɗaya daidai da lambar wadda ke cikin akwatin wutar sumonka da ke sama. In ba ka da maltimita ka ɗaura kwan fitila na da, mai zare a ciki, a kan holda da wayoyi biyu, ba zai gaya maka lamba ba amma daga haskensa za ka gane wuta ta cika ko rabi ce.

Kafin komai: ruwa da wuta ne a wuri ɗaya. Duk lokacin da za ka buɗe akwati ko ka taɓa waya ka kashe bureka, ka zare filogi, ka gwada da tasta, sannan ka gaya wa mutanen gida kada wani ya kunna. A gidajenmu wannan na ƙarshen shi ne mafi haɗari, kana bayan gida hannunka cikin waya a kawo Nepa yaro ya ruga ya mayar da canji.

Mataki na 1: tsaya ka saurari injin

Kunna shi na ɗan lokaci kaɗan, ka je bakin burtsatsen ka ɗora tafin hannu a kan bututun da ya fito daga rami, in na ƙarfe ne ko akwai jiƙa a wurin ka fara taɓa shi da tasta tukuna. Sumo mai aiki za ka ji wata 'yar rawa a jikin bututun, in ka kara kunne za ka ji gurnaninsa can ƙasa. Abu huɗu ne za ka iya samu. Ko shiru gaba ɗaya. Ko ya yi gunji kaɗan sai bureka ko ofalod, ɗan maɓallin kariya da ke jikin akwati, ya faɗi. Ko yana juyawa lafiya amma babu ruwa. Ko ruwan ya zo da ƙarfi sai bayan wasu mintuna ya fara tari yana fesa iska ya ɗauke. Kowanne da hanyarsa, shi ya sa ka tabbatar wanne ne naka kafin ka kwance ko da ƙusa ɗaya. In babu ruwa kada ka bar shi a kunne kana jiran ko zai zo, ruwan da yake ciki shi ke sanyaya shi, minti ɗaya ya isa gwaji.

Mataki na 2: auna wutar

Wutar gida a Najeriya kamata ya yi ta kasance wajen 220 zuwa 230. Sa maltimita a inda wuta ke shiga akwatin sumo ka karanta. Amma ga inda mutane da yawa ke ruɗewa, wuta tana iya nuna 210 lokacin da ba a ɗora mata kaya ba, da ka kunna sumo sai ta faɗi ƙasa warwas. Don haka ka auna sau biyu, kafin kunnawa da kuma daidai lokacin da injin ke ƙoƙarin tashi. Ni in na ga ta sauka ƙasa da 200 ba na bari a ci gaba, na sha auna 160 a unguwannin da taransifoma ta yi wa mutane kaɗan, musamman da magariba lokacin zafi da kowa ya kunna fanka da firji. Wuta mara ƙarfi ba ta hana inji motsi nan take, abin da take yi shi ne ta sa ya ja wuta fiye da ƙima, kwayil, wato naɗin wayar da ke cikin injin, ya yi ta zafi yau da gobe har ranar da zai ƙone. Mafita ita ce ka riƙa jan ruwa da asuba ko tsakar dare lokacin da wutar ta cika, ko ka sa sitabilaiza babba wadda ta fi ƙarfin injin nesa ba kusa ba.

Janareto ma haka. Inji mai doki ɗaya wat 750 ne a lissafi, amma lokacin tashi yana fizgar ninki uku ko fiye na abin da yake ci in ya daidaita. Ƙaramin janareton nan na fanka da talabijin ba zai tashe shi ba, in ma ya tashe shi wahalar da su kake yi su biyun. Nemi mai 2.5 kVA zuwa sama, ka bari ya ɗau zafi ya daidaita, ka kashe firji da dutsen guga, sannan ka ɗora sumo. In za ka kashe kuma sumo za ka fara kashewa kafin janareto, kada ka bari mai ya ƙare yana kan aiki.

In wuta ba ta ma iso akwatin ba sai ka bi ta baya, soket, filogi, canji, fis. Duba bakin waya ko ya yi baƙi ko robar ta narke. Ɓera da gara suna cin wayar da aka binne ba tare da bututu ba, na sha tono irin wannan.

Mataki na 3: fulot da ofalod

In tankinka na da fulot mai kashe inji da kansa in ya cika, hau ka leƙa. Yakan sarƙe da bututun cikin tanki ya tsaya a sama kamar tanki a cike yake alhali babu ko ɗigo. Ɗaga shi ka sauke da hannu, ya kamata ka ji ƙas-ƙas na ƙwallon da ke cikinsa. In kana shakka kashe wuta ka haɗe wayoyinsa biyu a akwati don gwaji kawai, in sumo ya tashi ka kama ɓarawon. Canza shi za ka yi, kada ka bar haɗin nan ya zama na dindindin sai in akwai mai tsayawa ya kashe.

A jikin akwati akwai ɗan maɓalli, yawanci ja ko baƙi, shi ne ofalod. In ya fito waje ka bari minti 15 ko fiye injin ya huce, ka danna sau ɗaya. In ya sake faɗuwa ka tsaya nan. Kuskuren da ya fi ƙona min rai shi ne mutum ya yi ta dannawa, ko ya sa tsinke ya danne shi, ko wani ya zo ya cire shi ya haɗa wayar kai tsaye wai don yana damun mutane. Wannan ɗan maɓallin shi ke tsakanin injinka da ƙonewa, in ya faɗi magana yake yi maka.

Mataki na 4: kapasita

In injin yana gunji ya kasa tashi kuma wuta ta cika, nan zan fi zargi. Kapasita ita ce 'yar gwangwanin nan fara ko baƙa a cikin akwati, aikinta ta ba injin turin da zai fara juyawa. Zafinmu da wutar da ke hawa da sauka suna kashe ta da wuri. Kashe wuta, buɗe akwati, ka ɗau hoton yadda wayoyin suke da wayarka kafin ka cire komai, wannan hoton zai cece ka. Tana iya riƙe caji ko bayan an kashe wuta, don haka ka taɓa bakinta biyu lokaci ɗaya da sukundireba mai hannun roba ta sauke. Duba ta, in ta kumbura, ko ta tsage, ko tana zubar da wani abu kamar mai, ko akwatin na warin ƙuna, to ta gama. Wata kuma za ka gan ta tsaf amma ta mutu a ciki, in mitarka tana auna kapasita ka gwada, in ba ta yi ka ɗaura sabuwar ka gani.

Karanta lambar jikinta da kyau. Za ka ga wani abu kamar 25µF ko 30µF sannan 450V. Lambar farko dole ta zama daidai da wadda aka rubuta a jikin injin ko tsohuwar. A kasuwa za a ce maka ka sa babba "ta ƙara masa ƙarfi", kada ka yarda, ƙarin zafi kawai za ta yi wa kwayil. Akwai sumon da ba su da akwati a sama, waya biyu ce da ta ƙasa, wato wayar kariya daga jan wuta, kawai, kapasitarsu tana cikin jikin injin, irin waɗannan sai an fito da su.

Mataki na 5: gwada kwayil da waya daga sama

Wannan gwajin shi zai gaya maka ko da gaske injin ya ƙone ba tare da an ja ko bututu ɗaya ba. Kashe wuta, cire wayoyin da suka gangara rami daga akwati. Yawanci huɗu ne, uku na injin ɗaya ta ƙasa mai launin kore da rawaya. Mayar da mita wajen om, inda aka sa alamar Ω. Auna ukun nan biyu-biyu, za ka samu lamba uku. A inji mai lafiya ƙananan biyun in ka haɗa su za su ba ka babbar, misali ka samu 4 da 9 sai ta ukun ta zo wajen 13. In wani haɗin bai nuna komai ba to waya ta katse ko kwayil ya yanke. In ya nuna sifili ko kusa da shi sun haɗe.

Sai ka mayar da mitar kan lamba mafi girma ka auna kowace ɗaya daga cikin ukun da wayar ƙasa. Nan bai kamata ka ga komai ba. In ta nuna wata lamba wuta na zuba cikin ruwa, ko dai a kwayil ko a inda aka ɗaura waya. Alamar wannan a gida ita ce matan gida su ce famfo yana jan su in sun taɓa, ko ruwan banɗaki na tsikarin hannu. Ɗan'uwa in ka ji wannan magana kada ka ce sai gobe, kashe shi a lokacin, rai ake magana.

Mataki na 6: yana juyawa amma babu ruwa, ko ruwan na ɗaukewa

Nan sai ka fara tunanin ramin kansa. A Kano da Zariya da yawancin ƙasar da ke kan dutse, ruwan burtsatse yana zaune ne a ruɓaɓɓen dutse da tsagogin da ke cikinsa, ba wani kogi ne a ƙasa ba, tsatsowa yake yi a hankali. Daga Maris zuwa Mayu kafin ruwan sama ya sauka yana ja baya sosai, ga shi kuma kowane maƙwabci ya haƙa nasa. Sumon da ke jan ruwa fiye da yadda ramin ke kawowa zai kwashe abin da ya taru cikin mintuna kaɗan sai ya fara shan iska. Shi ne tarin nan da kake ji a bututu. In kana da mita mai baki za ka ga wutar da yake ja ta sauka ƙasa da yadda ya saba, in kuma yashi ne ya riƙe shi sai ka ga ta haura sama da lambar da ke jikinsa.

Don ka tabbatar, ɗaure ƙaramin murfin ƙarfe ko guntun bututu a bakin siririyar igiya, ɗauri mai kyau wanda ba zai kwance ba, ka zura ta gefe a hankali har ka ji ƙarar ya taɓa ruwa, ka sa alama ka auna. Ka yi haka da safe kafin a kunna, ka sake yi da ruwan ya ɗauke. Kada ka jefa tsakuwa don ka ji zurfi, tana iya maƙalewa tsakanin injin da bangon rami ta hana shi fitowa har abada.

In ƙarancin ruwa ne ga abin yi. Na farko ka sa bawul a bututun da ke fita ka ɗan rufe shi, yadda injin zai riƙa jan daidai abin da ramin ke bayarwa, siririn ruwa da ba ya yankewa ya fi mai ƙarfi na minti biyar. Amma kada ka rufe shi ruf injin na aiki. Na biyu ka lura minti nawa yake yi kafin ya ɗauke, in 20 ne ka riƙa kashewa a 15, ka ba shi awa ɗaya ko biyu ya taru, akwai taima mai arha da ke wannan aikin, akwai kuma na'urar da ke kashe inji in ruwa ya ƙare. Na uku, in akwai sauran zurfi a ƙasa, a ƙara bututu ɗaya ko biyu. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne sayen inji mafi girma. Akwai wani bawan Allah da na je wa aiki, ruwansa na ɗaukewa sai aka ce masa doki ɗaya ya yi kaɗan ya sayi doki biyu, ya sayar da ragonsa ya saya, ramin da ke ba shi minti 20 ya koma ƙasa da 10, kafin damina injin ya ƙone. Tsohon nasa muka mayar muka sa bawul, har yau shi ke ba su ruwa.

In kuma ruwa na nan a ramin da yawa amma ba ya hawowa, kara kunne a bakin ramin injin na aiki. In ka ji ƙarar ruwa na zuba ciki kamar ana tsiyaya, bututu ne ya fashe ko wani haɗi ya saki. In da safe sai ya ɗau lokaci mai tsawo yana fitar da iska kafin ruwa ya iso, bawul ɗin nan mai hana ruwa komawa ne ya lalace, wanda masu aikin famfo ke ce wa nan-ritan. In ba ka shirya fito da inji ba za ka iya ɗaura wani a sama bakin ramin ya riƙe ka na ɗan lokaci, ka kula da kibiyar jikinsa ta kalli wajen tanki, na ga inda aka juya ta aka kwana ana zagin inji.

Ƙarfin ruwa kuma kada ka auna da ido. Ɗauki jarka mai lita 25 ka duba daƙiƙa nawa take cika a bakin ramin. In 30 ne to lita 50 kenan a minti. Rubuta. Ranar da ka ga jarkar da ke cika a 30 ta koma 60 kuma wuta lafiya ruwa lafiya, fayafayan cikin injin da ke tura ruwa ne suka cinye, yashi ne ke yi musu haka.

Mataki na 7: fito da injin, in ya zama dole

Kashe wuta, cire wayar daga akwati gaba ɗaya. Samu mutum uku aƙalla. Ɗaure ƙarshen igiyar injin a jikin wani abu mai ƙarfi kafin a fara, don ko hannu ya kuɓuce ba zai tafi ba. A ja da bututu da igiya tare, mutum ɗaya aikinsa kawai ya riƙa karɓar waya yana naɗewa. Kada a taɓa jan inji da wayarsa. In bututun gunduwa-gunduwa ne a kwance ɗaya bayan ɗaya, sifana ɗaya na riƙe da na ƙasa kam, a jera su a kan leda mai tsabta ba a ƙasa inda kaji da awaki ke bi ba, ruwan shanku za su koma. Rufe bakin ramin da zarar injin ya fito, yara na son leƙawa da jefa abu. In ya maƙale a hanya kada a sa ƙarfi, a ɗan mayar da shi ƙasa a juya a sake gwadawa.

Da ya fito duba ragar tsakiyarsa inda ruwa ke shiga, sau da yawa laka ce ko leda ko zaren igiya ya toshe ta. Bi wayar da yatsa tun daga sama har ƙasa kana neman karcewa, ka fi mai da hankali wurin ɗauri. Gwajinsa a cikin duro cike da ruwa ake yi, ya nutse duka, kuma babu mai sa hannu a duron yana kunne. Kada ka gwada shi a busasshe ko da na ɗan lokaci ne. In kwayil ne ya ƙone akwai masu naɗi, amma ka tambayi kuɗin ka gwada da na sabo, ƙananan sumo da yawa in aka buɗe su ba sa sake riƙe ruwa kamar da.

Ɗaurin waya shi ne inda aikin gaggawa ke tona asiri. Kowace waya a ɗaura ta a wuri daban, kada ɗaurin ya zo a jere wuri guda. A murɗe sosai, in da hali a yi masa dalma, a naɗe kowacce da tef ɗin roba ana ja yana miƙewa, sannan a haɗe duka a sake naɗewa, salatif ya zo a ƙarshe. Salatif shi kaɗai ba ya hana ruwa, wata biyu ya yi yawa. Wajen mayarwa a ɗaure wayar a jikin bututu duk bayan mita 2 ko 3, a canza igiyar in ta fara saɓa, kuma kada injin ya zauna a ƙasan ramin, a bar masa ko da mita 2 zuwa 3 daga ƙasa don kada ya riƙa shan yashi. In ruwan na zuwa da yashi ko laka kullum, tunda injin na waje lokaci ne mai kyau na kiran masu kwamfiresa su wanke ramin.

In naka injin sama ne a bakin rijiya

Wannan ya fi sauƙi don komai na gabanka. Abu ɗaya za ka riƙe, injin sama ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8 komai girmansa, don haka in rijiya ta ja baya da rani ba laifinsa ba ne. In yana juyawa babu ruwa kashe shi, kwance ɗan murfin da ke samansa ka ɗura ruwa har ya cika ya tumbatsa, rufe ka kunna. In kullum sai ka ɗura, bawul ɗin ƙasan bututu ne ke yoyo, jawo shi ka wanke ko ka canza. In ka ɗura ruwan ya tsaya amma har yanzu ba ya ja, iska ce ke shiga ta wani haɗi, kwance ka sake naɗa farin zare. In ya daɗe a ajiye yana gunji kawai, zare wuta ka sa sukundireba ta bayansa wajen fanka ka juya sandar har ta saki.

Shiga rijiya kuma ba aikin mai koyo ba ne. Iskar ƙasan rijiya tana iya zama mara amfani ba tare da wani wari ba. Mutanen da sukan zura fitila mai wuta, in ta mutu ba a shiga, amma ko ta ci ba ta nuna hayaƙin inji. Kada a sauke injin fetur cikin rijiya, kada a ajiye janareto a bakinta mutum na ciki. Hayaƙin nan yana kashewa shiru, kuma yakan haɗa da wanda ya shiga ceto.

Kulawar yau da kullum

Duk wata ka yi gwajin jarka, ka buɗe akwati wuta a kashe ka kakkaɓe ƙura da gidan tururuwa da ƙadangare, ka ƙara ɗaure ƙusoshin waya don wanda ya yi sako-sako shi ke zafi. Akwatin ya kasance a inuwa inda feshin ruwan sama ba ya kai masa. Kada a riƙa kunnawa ana kashewa don cika bokiti ɗaya, tashin nan shi ke gajiyar da inji, a cika tanki sau ɗaya a huta. Gyara famfon da ke ɗiga da tankin masai mai zuba, su ne ke sa injin aikin da ba a gani.

Kafin damina duba bakin ramin. Ya kamata ya ɗago sama da ƙasa, da murfi, da daɓen siminti mai gangare waje yadda ruwan kwata ba zai kwanta a wurin ba. In ruwanka na yin ja ko wari duk bayan ruwan sama to daga sama ƙazanta ke shiga, a daina sha sai an tafasa har a gyara. Masai da sokawe ana so su yi nisan mita 30 daga rijiya, na san filayenmu na cikin gari ba sa ba da wannan, shi ya sa in naka na kusa ya kamata ka kai ruwan a gwada a ɗakin gwaji ko da sau ɗaya a shekara. In hadari ya haɗu ana tsawa zare filogin gaba ɗaya, kashe makunni kawai bai isa ba.

Tanki kuma a wanke shi duk wata shida. A zubar da ruwan, a goge bango da ƙasa da burushi a kwashe lakar, sannan a cika a zuba bilic na wanki mara turare, irin mai kashi 3.5, wajen lita ɗaya da rabi a tankin lita 1000. A buɗe famfunan gida har a ji warinsa a rufe, a bar shi ya kwana, da safe a zubar duka a sake cikawa a zubar har warin ya tafi. Wannan ruwan ba na sha ba ne ba na girki ba, ka sanar da kowa a gida tun dare. Masu sola su riƙa goge faranti da sassafe lokacin hunturu, ƙurar nan kaɗai tana rage ruwa har mutum ya zaci injin ne.

Sai ka samu 'yar takarda ka rubuta zurfin ramin, bututu nawa aka zura, dokin injin, lambar kapasita, lambobin om ɗin da ka auna lokacin yana lafiya, daƙiƙar da jarka ke cika da damina da kuma da rani, da ranar da aka sa shi. Saka ta a leda ka manna a cikin murfin akwatin. In mai haƙa maka ramin yana nan kusa ka kira shi yau ka tambaye shi zurfin da inda ya sa ragar bututun ramin da ruwa ke shigowa ta cikinta, don bayan shekara biyu ko uku shi ma ba zai tuna ba.